Sunan da Ya Gagari Bakin Mahaifiyata

Shekarun baya, ina aji uku a firamare, aka kai ni sabon asibitin da gwamnati ta gina kusa da unguwarmu a Sakkwato. Abin da na fara lura da shi da muka shiga shi ne ledar bencuna. An kawo su sababbi fil a naɗe cikin leda, kuma ga alama babu wanda ya yi ƙarfin halin yage ta, sai mutane suka riƙa zama a kai haka nan. Duk wadda ta gyara zama sai ledar ta yi ƙara. Zamanin soja ne, kuɗin mai ya shigo, komai na wurin sabo ne, fanka da famfo da labule, ko warin fenti bai gama fita ba. Ƙafata ta dama ta kumbura suntum, jikina ya yi zafi rau, amma babbar damuwata a lokacin ita ce kada in motsa ledar ta yi ƙara a waiwayo a kalle ni. Haka Allah ya yi ni. Na fi son in kalli mutane da su kalle ni.

Yadda na samu ciwon ma abin dariya ne. Ba a daɗe ba da aka yi makon tsabta a makarantarmu. Ma'aikatan lafiya suka zo da motar shela, aka koya wa 'yan ajinmu waƙar wanke hannu da tafasa ruwa. Malamarmu ta san ko za a yanka ni ba zan buɗe baki a gaban jama'a ba, sai ta ba ni allon hoto in riƙe. Hoton yara biyu ne, mai takalmi yana dariya, marar takalmi yana riƙe da ƙafa yana kuka. Na ji daɗin aikin nan ƙwarai, domin allon ya rufe mini fuska. To mahaifina fataucin shanu yake yi zuwa Kudu, baffana kuma mahauci ne, gida ɗaya muke zaune a Ƙofar Kware, don haka ƙashi ba ya yankewa a bayan gidanmu. Ni mai riƙe allon takalmi, ni ce na fita ba takalmi na taka tsinin ƙashi. Na ɗaure wurin da tsumma na yi shiru, har sai da ƙafar ta ƙi shiga takalmin makaranta.

Kafin in ci gaba, sai na faɗa muku yadda muke da mahaifiyata, in ba haka ba ba za ku gane sauran labarin ba.

Ni ce 'yarta ta fari. Ita kuma Bafulatana ce da aka rena da alkunya irin ta da. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta zama kusa da ni idan da mutane, ba ta kiran ko laƙabin da kowa ke kirana da shi. Idan tana nemana sai ta ce, "Ke." Idan na yi nisa sai ta ce wa ƙanena, "Ce ma waccan tuwo na hucewa." Baƙo zai rantse 'yar riƙo ce ni. Amma ni mai kallo ce. Na san cewa a kwanona ne kawai ake samun tsoka a ƙarƙashin tuwo, inda ba mai gani. Na san kayan makarantata kullum a goge suke, in kuwa goggona ta tsokane ta sai ta ce na ƙanena ta goge, gawayin ne ya rage, ba ta son ya ƙone a banza.

Abin bai tsaya nan ba. Sunan kakata aka sa mini, wadda ta haifi mahaifina. Kun ga kunya ta zama biyu, ga ta 'yar fari, ga ta suruka. Mahaifina ba zai faɗi sunan uwarsa ba, haka baffana, haka goggona. Kakata kaɗai ke da bakin faɗa, ita kuma "takwara" take ce mini, kuma ta rasu tun kafin a sa ni makaranta. Da baffana ya kai ni a rubuta ni, laƙabin ya bayar. Haka na tashi ban san sunana na yanka ba. Za ku ce me ya hana ni tambaya. Na taɓa tambayar goggona sau ɗaya, ta yi dariya ta ce, "Wagga magana ta hi ƙarhin bakina." Ni kuwa da ma da ƙyar na yi tambayar, sai na bar ta nan.

Goggona ce ke kai ni duk inda za a kai ni. To a lokacin tana ƙauyen mijinta tana jego, mahaifina kuma yana Kudu da shanu. Da baffana ya ga ƙafar ya yi salati, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin mahaifiyata ya ce, "Sai dai ki yi haƙuri ki kai ta da kanki. Lalura ta." Ya tare mana tasi, ya koma mahauta.

Kowa a unguwa ya riga ya ji labarin sabon asibitin, domin motar shela ta sha zagayawa tana faɗa. Gwamnati ta haɗa hannu da ɗakin magani na mishan da na En'e, wato hukumar gargajiya, an kwaso katunan marasa lafiya na duka biyun an tara a wuri ɗaya, yadda duk wanda ya zo za a ga abin da aka taɓa yi masa a baya. Wurin karɓar kati taga ce da aka sa wa ragar waya. A bayanta akwai wata mata 'yar Filato, mai wushirya, da ɗan gicciye a wuya da biro a soke cikin kitso. An kawo mata sababbin kabad na ƙarfe, amma makullansu ba su iso ba, don haka katunan suna jere cikin kwalayen madara a ƙasa.

Da layi ya zo kanmu ta ce, "Sannu, Mama. Yaya sunan yarinya?"

Mahaifiyata ta ɗaga kai tana kallon fanka, kamar ita aka aiko ta duba. Sai ni na miƙa wuya na faɗi laƙabina da sunan mahaifina, yadda ake kiranmu a aji. Sai da na maimaita kafin ta ji. Ta durƙusa ta bincika kwali, ta koma wani, ta tashi tana kaɗe hannu.

"Babu. Ba komai, bari in buɗe mata sabo."

Muka ɗauki sabon kati muka shiga wurin malamin asibiti. Dattijo ne mai furfura a gemu, hannunsa da sauri, bakinsa ma haka. Ya kwance tsumman, ya dubi ƙafar, ya dube ni.

"Ke 'yar boko, ba a koya muku sa takalmi ba?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ya ce sai an yi allura yanzu yanzu. Ya ciro sirinji daga tukunyar da ke tafasa a kan risho, ya girgiza wata 'yar kwalba, ya zuƙo ruwa fari kamar madara.

A nan ne mahaifiyata ta yi magana. Bango take kallo, gefen mayafinta a bakinta, muryar can ƙasa, kamar zancen 'yar maƙwabta take yi.

"Wai an ce jininta bai son allura."

"Hajiya, wa jininsa ke son allura? Kowa aka soka sai wurin ya kumbura."

"Ba wurin ba," in ji ta. "Duk jiki. Tana jinjira. Har numhwashi ya so shi ɗauke."

Malamin ya dakata. "Wace allura aka yi mata?"

Ba ta sani ba. Ta yaya za ta sani? Uwar 'yar fari ba ta bin 'yarta ɗakin magani. Kakata ce ta goya ni ta kai ni na mishan, ita mahaifiyata tana gida, sai dai ta ga an dawo da ni fuska a kumbure, idanu sun shige. Abin da ta riƙe kawai shi ne kakata ta ce an ja jan layi a katina, an ce kada a sake.

Malamin ya ajiye sirinjin a faranti. Ya ce, "Allura iri-iri ce, Hajiya, ba zan yi canke ba. Ƙafar nan kuma in aka bar ta, babban asibiti za ta kai ku, kuma ba na son in faɗi abin da za su yi mata a can. Wannan katin fari ne fes, bai gaya mini komai ba. In akwai tsoho, je ki kawo kafin in sallami na kan bencin nan. In babu shi, zan yi abin da na sani, mu bar wa Allah sauran."

Muka koma taga, ina ɗingishi a bayanta. Matar ta saurara, ta gyaɗa kai, ta ce katunan mishan da sunan yanka aka jera su, ba da laƙabi ba, ba kuma da sunan uba ba. Ta dube ni. Na sunkuyar da kai. Ta dubi mahaifiyata, sai na ga ta gane.

"'Yar fari ce?"

Mahaifiyata ta ja mayafi ta rufe bakinta.

"Kuma sunan surukarta," in ji wata maƙwabciyarmu daga cikin layi, wadda ba a tambaye ta ba.

Nan fa bencuna suka ɗauki ƙarar leda, kowa ta juyo. Wata tsohuwa mai jan goro a haƙora, wadda ta zo da ciwon gwiwa, ta manta da gwiwar ta taso.

"Af! Abin ga mai sauƙi na. Ku bar ta. Mu mu hwaɗi, ita ta kaɗa kai."

Suka fara jerowa. Suka bi sunayen matan Annabi, mahaifiyata na girgiza kai. Suka bi na 'ya'yansa, tana girgiza kai. Suka koma sunayen ranakun mako, suka shiga na waɗanda aka haifa da azumi da na ranar Salla. Wata ta faɗi sunan uwarta, wata na kakarta, har wata ta faɗi na surukarta da kanta, aka yi mata ca, tana rufe baki tana cewa, "Wayyo, ya suɓuce!" Ita kanta matar taga sai da ta yi dariya ta jefo nata biyu. Duk ba su dace ba, domin kakata a ruga aka haife ta, can arewa wajen iyaka, sunanta kuma tsohon suna ne na Fulanin daji da mutanen birni ba su saba ji ba.

Tsohuwar ta koma ta zauna tana haki. "To wagga suruka taki, ko daga Makka anka yo odar sunanta?"

Mutane na dariya, ni kuwa ina leƙen ƙofar malamin. Na kan bencinsa suna ta raguwa. Ƙafata tana bugawa kamar ana daka a ciki. Sai na dubi hannun mahaifiyata. Ta damƙe ƙarfen tagar, har farcenta ya yi fari a ƙarƙashin lalle.

Matar taga ta matso da fuskarta jikin raga, ta sassauta murya. "Mama, na san al'ada, a cikinku na girma. Wallahi da zan iya ɗauke miki da na ɗauke. Amma kwalayen nan ba su san kunya ba. Ki faɗa mini a hankali, ni kaɗai."

Mahaifiyata ta sunkuya, leɓɓanta suka motsa. Fanka na kaɗawa, yara na kuka, motar shela kuma ta zaɓi wannan lokacin ta tsaya a bakin asibitin tana gargaɗi a kan ƙuda.

"Ban ji ba, Mama."

Ta sake motsa baki.

"Yi haƙuri, ban ji ba."

Daga ciki malamin ya ɗaga murya: "Ina mai ƙafar nan? A shigo da ita!"

Sai mahaifiyata ta saki mayafin daga bakinta, ta miƙe tsaye sosai, ta faɗi sunan. Da ƙarfi ta faɗe shi, da irin muryar da take kiran awaki idan sun shiga rumbu. Asibitin ya yi tsit, ko leda ba ta motsa ba.

Ba zan rubuta muku sunan a nan ba, kun ga ni ma jininta ce. Amma gajere ne, mai daɗi, yana da ɗan lanƙwasa a ƙarshe irin ta Fulatanci. Na tsaya ina jujjuya shi a raina kamar an ba ni sabon ɗan kunne. Ashe nawa ne tun tuni.

Tsohuwar nan ce ta fara magana. "Allahu akbar. Rabona da jin sunan ga tun ina budurwa." Ta dubi mahaifiyata ta ce, "Ɗiyata, ba ki yi laihi ba. Ita mai sunan da tana nan, da ita za ta ce ki hwaɗi."

Matar taga ba ta daɗe ba ta taso da tsohon katina. Katin ya yi ruwan ƙasa, gara ta ci gefe ɗaya, ga jan layi ya ratsa shi daga sama har ƙasa. A kusurwa akwai ɗan tabo ja kamar na goro. Ban san na wane ne ba, amma tun ranar na ƙudura a raina cewa yatsan kakata ne.

Malamin ya karanta, ya dubi sirinjin da ke cikin faranti. Sannan ya ce, "Ita ce wannan da na zuƙo. Hajiya, Allah ya saka miki da alheri." Ya matse ruwan ya zubar. Ya tsaga ƙafar ya matse mugunya, ya wanke, ya shafa shuɗin maganin nan, ya naɗe da bandeji, ya ba mu ƙwayoyi na wani iri daban, ya ce a riƙa kawo ni wanki. Lokacin tsagawar ne duk Sakkwato ta san ina da murya. Mahaifiyata tana tsaye tana karatun hoton ƙuda da ke bango, ita da ba ta yi boko ba, amma gefen zanena yana cikin hannunta, ta murɗe shi tamau.

Da za mu fita, matar taga ta haɗa tsohon katin da sabon, ta rubuta sunayen biyu a jere, ta ja jan layi da kanta. Ta ba mu wani ƙarami mu riƙe, ta ce duk asibitin gwamnatin da aka kai ni a nuna, za su gane.

Mahaifiyata ta ce, "Ki rubuta shi da kyau, ɗiyata, shi hito raɗau. Ni kam na gama. Ba ni ƙara hwaɗi nai."

Ƙafa ta warke, tabon yana nan har yau. Jan layin nan kuwa ya bi ni duk rayuwata, ya bi ni ɗakin haihuwa, ya bi ni ranar da aka yi mini aiki. Yanzu a kwamfuta yake fitowa, yarinyar da ke zaune a gabanta ta danna ta ce, "Hajiya, ba a yi miki allura kaza ko?" In ce haka ne. Idan na ji ana ta bayani a rediyo a kan amfanin asibitoci su riƙa ganin bayanan juna, ba na bukatar a lallashe ni. Kwalayen madara nake tunawa, da hannun da ya ja layi ina jinjira, da matar da ta durƙusa ta nemo shi. Sai dai na san katin bai tashi ya zo da kansa ba, sai da wata ta sayo shi da abin da ya fi mata tsada.

Ni 'yata ta fari da sunanta nake kiranta, har daga bakin titi ana ji. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan toshe kunne ta ce, "Allah shi shirye ki, boko ya cinye miki kunya." Ban taɓa yi mata gardama ba. Na dai san cewa a gidajenmu na da, ƙauna a ƙarƙashin tuwo ake sa ta, sai mai tonawa ke samu. Kuma ta riƙe maganarta, ban ƙara jin sunan nan daga bakinta a gaban mutane ba.

Amma ranar ba ta ƙare a asibiti ba. Da muka fito rana ta take, babu tasi ko ɗaya. Na gwada takawa, ƙafar ta ƙi. Mahaifiyata ta dubi gabas, ta dubi yamma, ta ga ba idon sani. Sai ta durƙusa ta ba ni baya, ta ce, "Ke, hau."

Ban taɓa sanin bayanta ba sai ranar. Ta ja mayafin ta lulluɓe mu duka, ƙafafuna na reto har gwiwarta, tana bin inuwar katanga. Tana ƙamshin man shanu da hayaƙin girki. Na kwantar da kumatuna a tsakanin kafaɗunta, ina jin numfashinta. Sai da muka shiga wani lungu da ba kowa, daga mu sai wata akuya a kwance, na tattaro duk ƙarfin halin da Allah ya ba ni, na sa bakina daidai kunnenta.

Na ce, "Inna, ba kowa nan. Don Allah ki sake hwaɗi nai, ko sau guda. Ni ɗai za ni ji."